An sa wa yaro ankwa a makaranta, babansa ya ce a mayar da shi Zariya

Assalamu alaikum. Ina zaune a Bronx ta birnin New York da maigidana da yara uku. Shi tasi yake ja, ni kuma ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, wani lokaci har kwana. Babban yaron shekararsa 15, yana aji tara, ya zo nan yana ɗan shekara 11 da katin zama. Bana sau uku ke nan ana dakatar da shi. Na farko wai ya ture wani a matakala, na biyu wai ya yi wa malama gardama. Duka biyun na je na ba da haƙuri, na sa hannu a abin da aka miƙo mini, na dawo gida na yi masa faɗa. Wannan karon wani yaro ne da ya daɗe yana tsokanarsa kan harshensa da ƙasarmu, suka kaure a wurin cin abinci, mai gadi ya zo rabo, aka ce hannun yaron ya same shi. An sa masa ankwa an kai shi ofishin 'yan sanda, sai dare muka karɓo shi. Yanzu takarda biyu ke hannuna, ta zaman makaranta mako mai zuwa da ta kotun iyali. Wani a makarantar ya ce in sa hannu cewa ba na jayayya, magana ta wuce. Babansa ya ce ya gaji, ko ya zane shi ko ya sa shi a jirgi zuwa wurin yayansa a Zariya. Na rasa inda zan sa kaina.

Uwar yara, Bronx

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya yaye miki wannan damuwa, ya shirya mana zuri'a baki ɗaya.

Abin da ba zai jira ba shi zan fara faɗa: kada ki sa hannu a takardar nan ta "ba na jayayya". Za ki ga an rubuta "no contest" a jikinta, kuma da zarar kin sa hannu kin yafe zaman jin bahasi, kin bar tuhumar ta tsaya yadda makaranta ta rubuta ta. Magana ba wucewa za ta yi ba, fayil za ta shiga. Yana yiwuwa lauya da kansa ya ce a bi wannan hanya saboda wani abu da ya hango, tunda akwai batun kotu a gefe, amma daga bakin mai tsaya wa yaron ya kamata shawarar ta fito, ba daga ofishin da ke tuhumarsa ba. Wanda ya ba ki ita mai yiwuwa ba mugu ba ne, aiki ne ya yi masa yawa yake neman ragewa.

Na lura tun daga farkon wasiƙarki har ƙarshenta ba ki ce "ɗana" ba ko sau ɗaya, "babban yaron" kike cewa. Na san dalili. Ɗan fari ne, kuma haka aka raine mu: uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta shigar masa faɗa a gaban mutane, in aka kawo ƙararsa ita ce ta farko da za ta ce a ƙara masa. Ki haɗa wannan da girman da muke ba malami, wanda ba a yi masa musu, sai ki ga abin da ya kai ki ofis sau biyu kina ba da haƙuri. A Zariya kowa zai gane abin da kika yi, har a yaba miki. A can, malamin da kika ba haƙuri ya san kara kika yi masa, shi ma zai yi miki, ya tsula wa yaro bulala biyu ko ya sa shi sharar fili, gobe an manta. Ba yabon bulalar nake ba, amma dai ba a rubuta ta a ko'ina. A inda kike babu mai ɗaukar kawaicinki a matsayin kunya. Abin da suka gani uwa ce da ta amsa laifi ba ta tambayi komai ba, kuma duk abin da aka amsa rubuta shi ake yi. Dakatarwa ta uku a kan ta farko da ta biyu take hawa. Wanda zai yanke hukunci mako mai zuwa fayil zai buɗe, ya ga yaron da ya saba.

Ya kamata ki san ba a kan yaronki aka fara ba. Amurkawa da kansu sun daɗe suna kokawa kan yadda horon makaranta ke tura yaran talakawa hanyar gidan yari. A 1994 aka yi dokar tarayya da ta ce duk ɗalibin da ya zo makaranta da bindiga a kore shi shekara guda, jihar da ta ƙi kuma ta rasa kuɗin tallafi. Wannan ba mai ja da shi. Sai dai makarantu sun ɗauki salon nan na ba-sani-ba-sabo sun shimfiɗa shi a kan komai, faɗa, gardama, baƙar magana. Bayan harbe-harben makarantar Columbine a 1999 aka ƙara cika makarantu da jami'an tsaro. A birninku kuwa tun 1998 aka ɗauke masu gadin makarantu daga hannun hukumar ilimi aka sa su ƙarƙashin rundunar 'yan sanda. Wato wanda kike ce wa mai gadi, wanda yara ke wucewa ta gabansa kowace safiya, ba ya riƙe bindiga amma yana da ikon kama mutum. Faɗan da a da malami zai raba ya ja kunnen kowa, yanzu in gwiwar hannu ta goge mai kaki, sunan abin ya canja. A 2010 an fitar da yarinya 'yar shekara 12 da ankwa daga wata makaranta a yankin Queens na birninku saboda ta yi rubutu a kan tebur.

Binciken da ya fi fito da abin fili a jihar Texas aka yi shi, aka wallafa a 2011. An bi sawun ɗalibai kusan miliyan ɗaya tun daga aji bakwai. Kusan shida cikin goma an dakatar da su ko an kore su aƙalla sau ɗaya kafin su gama sakandare, kuma kashi 3 cikin ɗari kacal na hukunce-hukuncen ne doka ta tilasta, sauran duk ganin damar makaranta ne. Yaron da aka dakatar bisa irin wannan ganin dama, yiwuwar ya faɗa hannun hukumar shari'ar yara a shekarar da ke biye ta kusa ninkawa uku. Ganin damar kuma ba daidai take faɗa wa kowa ba. Rahoton da ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2018 ya nuna baƙaƙen fata kashi 15.5 ne na ɗaliban makarantun gwamnati, amma su ne kusan kashi 39 na waɗanda ake dakatarwa. Mutanenmu da suka zo daga gida sukan ce ai wannan matsalar baƙaƙen Amurka ce, mu baƙi ne masu tarbiyya. A fom ɗin makaranta layi ɗaya ake sa yaronki da su.

Yadda abin ke tafiya ba wani sihiri a ciki. An dakatar da yaro kwana biyar, ya dawo ya tarar an wuce shi a lissafi. Ba ya gane abin da ke kan allo, kunya ta hana shi tambaya, sai ya koma bayan aji yana ba da dariya ko yana ɗaure fuska. A sake fitar da shi. Ranakun da yake gida kuwa, ke kina wurin tsohuwar da kike kula da ita, babansa na kan titi ko yana ramuwar barci, ƙarfe goma na safe yaro shi kaɗai a falo da waya a hannu, kuma waɗanda za su amsa kiransa a wannan lokaci su ne waɗanda su ma ba sa makaranta. Mai hali in aka dakatar da ɗansa lauya zai ɗauka, ya sa masa malamin gida, in ta ƙi ya canja masa makaranta. Ku ba ku da wannan sararin, shi ya sa kuskure iri ɗaya ke kai yara biyu wurare daban.

Ban ce yaron ba shi da laifi ba. Ya kai hannu, kuma in ya yi wa malama rashin kunya, ya yi. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kin ce an daɗe ana tsokanarsa kan harshensa da ƙasarku. Jihar New York na da doka, wadda ta fara aiki a 2012, da ta wajabta wa makaranta yin bincike da ɗaukar mataki in ana cin zarafin ɗalibi saboda launinsa, addininsa ko asalin ƙasarsa. Ya taɓa kai ƙara? Wa ya gaya wa? Me aka yi a kai? Ki zaunar da shi a daren nan, ba da faɗa ba, ki ce ya ba ki labarin tun daga ranar da abin ya fara. Da farko "ba komai" zai ce miki, ki yi shiru ki jira. Ki rubuta ranaku da sunayen waɗanda suka gani. In akwai saƙonni ko bidiyo a wayarsa kada ya goge, kada kuma ya sa komai a intanet kan faɗan. Koke a rubuce za ki shigar, don maganar baki a ƙofar ofis ba ta da shaida, amma ki bari lauya ya duba shi kafin ki aika.

Lauyan kuma ba sai kin sayar da ɗankunnenki ba. Akwai ƙungiyoyin da aikinsu ke nan kuma kyauta suke yi wa marasa ƙarfi: Advocates for Children of New York, Legal Services NYC, Bronx Defenders, sai Legal Aid Society da ke tsaya wa yara a kotun iyali. Gobe da safe ki fara kira, in ɗaya ta cika ki kira ta gaba.

Game da zaman makaranta, tun 1975 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar Goss da Lopez cewa ba a dakatar da ɗalibin makarantar gwamnati sai an gaya masa abin da ake tuhumarsa da shi, an kuma ji ta bakinsa. Dokar New York ta ƙara a kan haka: duk dakatarwar da ta wuce kwana biyar sai an yi cikakken zama, inda kuke da damar zuwa da mai tsaya muku, ku kawo shaidu, ku yi wa shaidun makaranta tambayoyi. Ki je ki nemi kwafin duk takardun da za su gabatar, har da bayanan da shaidu suka rubuta. Haƙƙinki ne, ba alfarma ba. Ki tambaya ko kyamara ta ɗauki wurin cin abincin, ki nemi a adana hoton. In lokaci ya ƙure ba ki sami lauya ba, ki roƙi a ɗage zaman. Sannan ki nemi tafinta. Na san kina jin Turanci, amma Turancin aiki daban, na takardar tuhuma daban, kuma ba a biyan ko sisi. Kada ki yarda yaron ko ƙanensa su fassara miki.

Wurin ba kotu ba ne. Ɗaki ne da tebur, jami'i ɗaya a zaune, ana naɗar duk abin da aka faɗa. Za a fara da ko ya aikata ko bai aikata ba, sannan a koma kan irin hukuncin da ya dace. A wannan kashi na biyu ne wasiƙu ke aiki: ta limamin masallacinku, ta malamin Islamiyya, ta kocin ƙwallo, ta duk malamin makarantar da ke ganin alheri a tare da shi, kuma da wuya a rasa ko ɗaya. Tun 2019 birnin ya taƙaita yawancin irin wannan dakatarwa zuwa kwana 20, amma ko kwana 20 asara ce babba ga ɗan aji tara. Ki roƙi a mayar da shi aji da wuri, ki roƙi a yi zaman sulhu tsakaninsa da ɗayan yaron da jami'in da aka ce ya buga. Dokar ladabtarwa ta makarantun birnin ta tanadi irin wannan zama, mu kuwa ba baƙonmu ba ne. A ɗakin nan ki ajiye alkunya a bakin ƙofa. Ki kira shi da sunansa, ki ce ɗanki ne, ki faɗi yadda yake kai ƙannensa makaranta in kina aikin kwana, ko duk wani abin kirki da kika san yana yi. In ba ki faɗa ba babu mai faɗa.

Takarda ta biyu, wato ta kotun iyali, ta fi nauyi, kuma a nan ne iyaye irinmu ke jefa 'ya'yansu cikin rami da kyakkyawar niyya. Mun saba ce wa yaro "faɗi gaskiya ka huta." Gaskiya kam a faɗe ta, amma ga lauya. Abin da yaron ya rubuta wa malamin ladabtarwa, ko ya faɗa a zaman makaranta da ake naɗa, yana iya isa hannun masu gabatar da ƙara. Don haka lauyan da zai tsaya masa a kotu ya san da zaman makaranta kafin a yi shi, shi zai ce yaro ya yi magana ko ya kame baki. Ki koya masa abu biyu ya haddace da Turanci: a kira mini mahaifiyata, ina son lauya. Daga nan shiru, cikin ladabi, ba gudu, ba fizge hannu. Tunda shekararsa 15, maganar ta kotun iyali ce, kuma yawanci jami'in sa-ido, wanda suke kira probation officer, za ku fara gani kafin alƙali. Shi wannan jami'i na iya kashe maganar a teburinsa ba tare da an shigar da ƙara ba, in yaro ya cika sharuɗɗan da aka gindaya masa. Ku isa kafin lokaci, ke da babansa, da takardun makaranta a hannu. Kuma ki gaya wa lauya cewa katin zama yaron ke riƙe da shi, ba ɗan ƙasa ba ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, akwai amsar laifin da ba ta cutar da ɗan ƙasa amma tana iya taɓa takardun baƙo.

Wani abu kuma da ba ki ambata ba amma ya tsaya mini a rai. Yaron ya shiga makarantar Turanci zalla yana ɗan shekara 11. Ki miƙa masa littafin tarihi ko na kimiyya na ajinsu, ki ce ya karanta miki shafi ɗaya da ƙarfi, sannan ya gaya miki da Hausa abin da ya karanta. In ya yi ta tuntuɓe, ko ya karanta sumul amma ya kasa ba da labari, to wataƙila gardamar da yake yi wa malamai mayafi ce. Yaro ɗan shekara 15 ya gwammace a ce masa fitinanne da a ce masa daƙiƙi. Ki tambayi makaranta wane taimakon Turanci yake samu, kuma in kina zargin abin ya wuce na harshe, ki rubuta ki nemi a yi masa gwajin buƙatu na musamman. Mutanenmu na gudun wannan, suna ganin kamar an ce ɗansu na da taɓin hankali. Ba haka ba ne. Yaron da aka yi wa tsarin karatu na musamman, wanda suke kira IEP, dokar tarayya ta ce kafin a raba shi da ajinsa fiye da kwana goma sai an zauna an duba ko abin da ya yi na da nasaba da matsalar tasa.

Sai maigida. Tsoro ne ke magana a bakinsa, ba ƙiyayya ba. Mutumin da ke kwana a kan sitiyari don yaran nan ya ga ɗansa da ankwa, dole ransa ya ɓaci. Amma duka dai a'a. Malamai da likitoci a nan doka ta tilasta musu kai rahoto in sun ga shatin bulala a jikin yaro, kuma in ma'aikatan ACS, hukumar kare yara ta birnin, suka ƙwanƙwasa ƙofarku ba shi kaɗai za su duba ba, har ƙannensa. Kuna fama da takarda biyu, kada ku jawo ta uku.

Zariya kuma ba yanzu ba. Yaron da ke da rana a kotu in bai bayyana ba ana iya ba da sammacin kama shi, ya zauna yana jiransa. Mai katin zama kuma in ya wuce shekara a waje yana iya rasa katin gaba ɗaya. In an gama da kotu kuna iya sake tada maganar cikin natsuwa, don akwai yaran da zaman gida ya gyara, akwai kuma waɗanda suka ɗauka an yar da su ne, suka riƙe abin har girma. Abin tambaya shi ne wa zai riƙe shi kullum, ba da suna ba, wace makaranta zai shiga, kuma shi ya san da tafiyar ko yaudararsa za a yi da sunan hutu. In kuwa wani ya kawo muku shawarar gidan mari, ku tuna da Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, da yawansu 'yan'uwansu ne suka kai su da hannunsu don a gyara musu hali.

Kada ki yi wa maigida wannan bayani a gaban yaron, kuma kada ki tare shi da shi yana shigowa daga aiki. In kin san ba zai ji daga bakinki ba, ki nemi liman ko wani dattijo da yake jin nauyinsa. Abu ɗaya za ki roƙe shi: ya ajiye mota rabin yini ya zo zaman nan ya zauna kusa da ɗansa. Horon gida kuma yana nan, ba wanda ya hana ku. A karɓe waya da dare, a sa lokacin dawowa gida, ya bi babansa masallaci, ya rubuta wa malamar da ya yi wa gardama takardar ban haƙuri in lauya ya ce lokaci ya yi. Ku nuna masa a fili cewa a waje kuna bayansa, a cikin gida kuma akwai hisabi.

Kafin a yanke hukunci, za a tura shi wata cibiyar karatu ta wucin gadi da ake kai waɗanda aka dakatar. Yara da yawa ba sa zuwa, suna ganin ɓata lokaci ne. Ya je kullum, a kan lokaci, don ana rubuta zuwansa, kuma wannan rajista na cikin abin da za ki ajiye a gaban jami'in sa-ido. Ki nemi malamansa su riƙa aiko masa da aikin aji. Ki kuma sanar da kamfanin da ke tura ki aiki tun yanzu ranakun zaman guda biyu, don su samo wadda za ta riƙe miki tsohuwar.